Injin Wankin Inna Ya Je Gummi

Ni ne na ɗora bakin tiyon injin wankin Inna a kan rabin duro, kuma da hannuna na ɗaure shi da tsumma don kada ya zame. Na faɗi haka tun yanzu don kada kowa ya ɓata lokaci yana zargin wuta, ko mai shagon Gummi, ko bakin maƙwabta, kamar yadda gidanmu kaf ya yi. A lokacin ban san ɓarna nake yi ba. Basira na ɗauka ce, kuma har yabo na sha a kanta.

Yayana ne ya sayo injin. Shi ne babban ɗan Inna, yana aikin zinariya a Bagega, ba ya zuwa gida Anka sai jefi-jefi. Wani zuwa da ya yi ya tarar da ni da Inna a tsakar gida muna kokawa da babbar rigar Baba. Wanki ba ya gagarar Inna, matsa ce ke gagararta. Wuyan hannunta ya daɗe yana ciwo, har ta kai murfin kwalbar mai sai ta kira wani ya buɗe mata. Idan aka zo matsa, ita ta riƙe gefe ɗaya, ni na riƙe ɗaya, mu yi ta murɗawa tana cije leɓe. Ni kuwa, in ji ta, ina murɗa tufa kamar mai tsoron kada tufar ta yi kuka. Yaya ya tsaya ya kalle mu. Zuwan da ya biyo baya sai ga shi da wani farin abu cikin kwali, wai daga Gummi.

Injin na roba ne, mai baki biyu. Ɗaya yana wanki, ɗaya yana matsa. A ƙasansa akwai tiyo kamar wutsiya, Yaya ya shimfiɗa shi a ƙasa ya nufi makwarara da shi. Ranar da aka fara kunna shi, matan unguwarmu sun cika gidan kamar ana suna. Ɓangaren wanki bai burge kowa ba, wata ma ta ce ita ta fi shi cuɗa. Amma da aka zuba kaya a ɓangaren matsa aka rufe murfi, sai ya fara rawar jiki, ya ɗauki wata ƙara kamar jirgin sama zai tashi daga tsakar gidanmu. Kajin Inna suka haura katanga, ɗaya ba ta dawo ba sai da yamma. Da ya tsaya, Inna ta zaro zanenta ta murɗa shi da iya ƙarfinta, ko ɗigo bai fito ba. Ta miƙa wa na kusa da ita, zanen ya zagaya hannun kowace mace a gidan, kowa ta gwada ta kasa. Ranar na ga haƙoran Inna na can ciki waɗanda ban san tana da su ba.

Abu ɗaya ne ya hana ta jin daɗi sosai. A unguwarmu sayen ruwa ake yi wurin masu kura, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin Inna ta zubar da ruwan wanki haka kawai ba. Mai kumfa a wanke ban-ɗaki da shi, na biyu a yayyafa a tsakar gida kafin shara, na ɗauraya kuwa na zogalenta ne da 'yan tattasai da ta shuka a bayan ɗaki. Yanzu ga inji yana kwarara ruwa zuwa titi kamar gidan wani attajiri. Duk lokacin da ya saki ruwa sai ta bi shi da kallo har makwarara, kamar mai rakiyar baƙo. Bayan Yaya ya koma Bagega sai ta ba ni aiki: in tara baho a bakin tiyo, in ya cika in ruga in juye inda ya dace, in dawo in sake tarawa. Bahon kuwa ba ya jimawa yake cika. Wanki ɗaya sai in yi gudun da zai kai ni Bukkuyum in dawo, alhali ban bar tsakar gida ba.

A nan basirata ta tashi. Akwai rabin duro da ake zuba wa awaki dusa a da, yana yashe a bayan turke. Na wanke shi, na mirgino shi kusa da injin, na ɗaga bakin tiyo na ɗora a bakinsa, wanda ya kai mini gwiwa, na ɗaure da tsumma. Aka saki ruwa, ya taho ya zuba cikin duro. Ni kuwa na samu kujera na zauna na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Inna ta zagaya duron ta duba ta ko'ina, ta ce ashe makarantar da ake tura ni ba a banza ba. Kafin la'asar labari ya kai ƙarshen layinmu. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta ce mini injiniya, sunan kuma ya zauna. Har mai kurar da ke kawo mana ruwa in ya shigo sai ya ce, ina injiniya.

Ranar ce kuma injin ya kwanta ciwo. Aka zuba kaya a ɓangaren matsa, maimakon ƙarar jirgi sai ya riƙa wani nishi kamar tsoho yana hawan tudu. Ya juya, ya juya, ya tsaya. Inna ta buɗe ta ɗago rigata tana zubar da ruwa kamar yanzu aka tsamo ta daga gulbi. Ko ɓangaren wanki rabin ruwansa yake fitarwa, sauran sai ta sa moɗa ta kwashe. Babu wanda ya kalli duro, ni ma ban kalla ba, domin ai ruwa yana zuba a ciki, kowa na gani. Ga shi kuma a makon nan wutarmu ta koma rabi, ƙwan lantarki ya yi ja kamar garwashi, fanka tana juyawa kana iya ƙirga fukafukanta. Kowa ya ce wuta ce.

Tunda ni ne injiniya, gyara ya faɗo kaina, kuma na karɓe shi hannu biyu. Na je na aro janareta wurin abokin Yaya mai cajin waya, muka turo shi a baro, muka cika unguwa da hayaƙi. Injin ya yi nishinsa kamar jiya. Na ce to kaya ne suka yi yawa, na rage, na rage, har ya zama hular Baba kaɗai ce a ciki, ita ma ta fito tana ɗiga. Na ce ƙasa ce ba daidai ba, na cusa masa kwali a ƙarƙashi, na ƙara da tsohon takalmin soso. Na kalli masu gyara a waya, duk da yarensu ban ji ba, na ga suna kwance bayan inji suna taɓa bel. Ni ma na kwance, na taɓa bel, bel ya taɓa ni, na mayar na ɗaure, ƙusa ɗaya ta yi saura. Har yau tana cikin aljihun wandon makarantata.

Kakata, mahaifiyar Baba, ta ce duk wahalar banza muke yi. A ganinta ranar da aka bar matan unguwa suka yi ta murɗa zane suna yabo, ranar aka gama da injin. Ta turara masa hayaƙi, ta sa aka lulluɓe shi da tsohon bargo in ba a aiki, don kada ido ya ƙara faɗa masa. Ni na riƙe mata kaskon wutar, ina tsaye daf da duro, har na jingina da shi.

Muka koma gidan jiya, har ma ya fi jiya muni, domin yanzu inji yana wanke kaya da yawa a lokaci ɗaya, kuma dukkansu sai an matse da hannu. Damina ta kankama, rana ba ta zama. Kaya su kwana a igiya su tashi da wari. Na je makaranta da riga mai ɗanshi har abokin zamana ya ce in matsa can, ina warin rijiya. Wannan duk abin dariya ne. Wanda ba na dariya ba shi ne Inna. Na fito da safe na gan ta zaune a bakin murhu ta naɗe wuyan hannunta da tsumma mai ɗumi, ta ɗora shi a cinya kamar jariri. Da ta gan ni sai ta ɓoye shi cikin zane ta ce in je in share turke.

Baba ma ya gani. Shi dama tun farko bai yarda da abin da ke cin wuta da ruwa lokaci ɗaya ba. Da Yaya ya zo gida, Baba ya kira shi zaure ya yanke hukunci.

"Injin da ba shi matsa, minene amfaninai? Ku maida shi inda kunka ɗauko shi. Mai shagon ya ba ku firiji, ko ruwan sanyi mu sha."

Yaya ya ce to. A gidanmu in Baba ya yi magana a zaure, ta zauna ke nan. Da safen ranar da za a tafi da shi, na ga Inna ta kwance tiyon daga bakin duro da kanta, ta naɗe shi, ta goge injin da tsumma tun daga murfi har ƙasa, har da bayansa inda ba mai gani. Ta ce wa Yaya su yi sauri su dawo kafin la'asar, kada yamma ta yi musu a hanya. Sannan ta shige ɗaki, ba ta fito rakiya ba.

Ni aka ce in bi shi in riƙe injin. Muka samu a-kori-kura mai zuwa kasuwar Gummi, Yaya ya shiga gaba, ni da injin da buhunan gero da wani tsoho mai tunkiya muka hau baya. Duk ramin da ke tsakanin Anka da Gummi sai da na gaisa da shi da ƙashin bayana. Na rungume injin kamar ƙanena, tunkiya tana cin igiyar da aka ɗaure shi. Wuraren da daji ya yi duhu kowa ya yi shiru, direba ya taka mota, tsohon yana ta motsa baki. Da muka fara ganin gidaje sai hira ta dawo, tsohon ya tambaye ni ko firiji ne. Na ce a'a, amma in Allah ya so da yamma zai zama.

Mai shagon wani mai ƙiba ne mai fara'a, yana cin gyaɗa. Ya saurari Yaya har ƙarshe, ya ce ba matsala, in musanya ake so ga firiji can, amma a bari ya ga ciwon da idonsa. Ya sa aka fito da injin bakin shago, aka jona wuta, aka kawo ruwa a jarka. Ya warware tiyo ya yar a ƙasa, ya sa ƙafa ya ture shi wajen kwata, ko kallonsa bai yi ba. Ya tsoma wani tsohon labule a ruwa ya jefa a ɓangaren matsa ya rufe.

Jirgi ya tashi. Ƙarar nan da muka yi makonni ba mu ji ba ta cika layin, har masu shagon kusa suka leƙo. Ruwa ya riƙa bulbulowa daga tiyo yana bin ƙasa. Labule ya fito kamar an shanya shi tun safe.

Yaya ya riƙe ƙugu. Ya rantse wa mai shago cewa a gida ba haka yake yi ba. Mai shago ya yi dariya ya ce wataƙila injin garinsu yake so, ruwan Anka bai karɓe shi ba. Aka sake gwadawa, ya sake tashi. Yaya ya ce shi dai ba zai koma da shi ya sake jin kunya gaban Baba ba, tunda an ce firiji, a ba shi firiji. Suka shiga ciki suna duba wani ƙarami mai ruwan toka.

Ni kuwa ina tsaye a waje, idona a kan tiyo. Yana kwance a ƙasa, ruwa na fita a sake. Na tuna yadda yake kwance a gidanmu lokacin da injin ke da lafiya. Na tuna ranar da na ɗaga shi. Na tuna ranar da ciwo ya fara. Na yi ta ƙoƙarin in sa su zama ranaku biyu daban, suka ƙi. Wani gumi ya keto mini wanda ba na zafin Gummi ba ne.

Gaskiya na yi tunanin in yi shiru. Firiji ba abin ƙi ba ne. Da na sha ruwan sanyi, na ci gaba da zama injiniya har in tsufa, ba mai sani. Sai dai firiji ba ya matse babbar riga, kuma na san wadda za ta matse ta. Na ji Yaya a ciki yana tambaya ko za a ɗaure masa shi da kwali.

Na tsoma labulen a ruwa na mayar, na rufe, na murɗa. Da ya ɗauki ƙara sai na sunkuya na ɗaga bakin tiyo zuwa gwiwata, na ƙara zuba ruwa ta gefen murfi. Ba a jima ba jirgi ya koma tsoho mai hawan tudu. Nishin nan na gidanmu sak. Yaya ya fito da sauri yana cewa yawwa, ka ji shi, haka yake yi. Na saki tiyo ya faɗi ƙasa, ruwa ya kwararo, jirgi ya tashi. Na ɗaga, ya yi nishi. Na saki, ya tashi. Na yi ta yi har yara suka taru, ina ji kamar mai wasa da kura a kasuwa. Na gyara murya na yi musu bayani cewa binciken da na yi ya nuna wannan inji ba ya tura ruwa sama, gangara kawai yake bi, in aka ɗaga tiyo ruwan sai ya zauna a ciki, kayan su yi ta iyo. Mai shago ya ce ai kowa ya san haka, shi ya sa ake yar da shi a ƙasa.

Yaya bai kalli mai shago ba, ni yake kallo.

"To can gida, wa yaɗ ɗora shi bisa duro?"

Na ce masa wannan tambaya ce mai kyau, kuma za a bincika.

"Injiniya," in ji shi, a hankali, kamar yana ɗanɗana kalmar. Ya kama kunnena ya ɗaga shi daidai yadda na ɗaga tiyo, ya tambaye ni ko ni ma in an ɗaga nan ruwa zai daina fita. Mai shago ya yi dariya har gyaɗa ta sarƙe shi. Da ya farfaɗo ya ce a bar yaro, ai ya yi ƙoƙari, mutane da yawa sai sun ƙona inji kafin su gane.

Saura Baba, wanda ya aika a kawo firiji. A hanyar dawowa Yaya bai shiga gaba ba, ya hau baya tare da ni, wai don ya ji daɗin yi mini faɗa, amma rabin hanya shawara muka yi ta yadda za a tari Baba. Muna cikin haka motar ta faɗa wani rami, ni da injin muka tashi sama muka dawo, na ji wani abu ya ce ƙas a wajen murfi. Muka kalli juna, ba wanda ya duba.

Mun iso ana kiran la'asar. Baba yana zaure, ya ga abin da aka sauke, ya ce firijin Gummi kama yake yi da injin wanki. Yaya ya durƙusa ya roƙe shi ya ba mu aron rigar da ke rataye a ƙusa, in ba ta fito a matse ba gobe da kansa zai koma. Baba ya miƙo ta, ya biyo mu tsakar gida, abin da bai saba yi ba in ana wanki. Na mirgine duro gefe da ƙafa kamar ban san shi ba, na shimfiɗa tiyo a ƙasa. Inna ta fito ta tsaya a bakin ƙofa. Ta kalli duron, ta kalli tiyon, ta kalle ni. Na duƙufa ina gyara abin da bai lalace ba.

Aka jiƙa riga aka saka, aka rufe, aka murɗa. Shiru. Ko nishin ma babu. Baba ya fara juyawa zai koma zaure. Sai Yaya ya lura murfin bai zauna ba, maƙalinsa ya karye a ramin nan, shi kuwa injin ba ya juyawa sai murfi ya danne. Ya sa tafin hannu ya danna. Jirgi ya tashi, kaji suka haura katanga.

Baba ya karɓi rigarsa ya murɗa, ya sake murɗawa, ya ɗaga ta sama ya duba. Ya ce to, ya saɓa ta a kafaɗa ya fita. Inna ta zo ta dafa injin yana ɗumi. Ba ta yi mini faɗa ba. Cewa kawai ta yi in ɗauko baho, kuma in mayar wa awaki duronsu.

Injin yana nan har yanzu a gindin katangar ɗakin girki, yana matsa, Inna ta daina naɗe hannu. Murfin ba a gyara ba. Ɗan dutsen niƙan Kaka ake ɗora masa, in kuma ana niƙa da shi, ni ake kira in zauna a kai har ya gama.